Cinyar tela da lambobin da suka ƙi jituwa: nazarin awon tsoka da na'urar sikanin a wani sashen gashin ƙashi

Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa tela ne, magidanci ɗan shekara 34, ba shi da ciwon suga ko hawan jini, bai kuma taɓa kwanciya asibiti ba kafin wannan karon. Yana kan babur da yamma zai kai ɗinki, mai a-daidaita-sahu ya yanko masa hanya, ya faɗi ta gefen dama. Ƙashin cinya ya karye a tsakiya, fata ba ta fashe ba. 'Yan uwa suka yi abin da aka saba, suka kai shi wurin mai ɗori. Mako uku yana kwance da karan ɗori, ciwo bai lafa ba, ƙafar ma ta soma gajarta, sai yayansa ya matsa aka kawo shi asibiti. A mako na huɗu da haɗarin aka yi masa aiki, aka zura ƙarfe ta cikin ɓargon ƙashin aka ɗaure da kusoshi sama da ƙasa. Duk makonnin da za a ambata nan gaba daga ranar aikin ake ƙirga su.

An turo shi sashen gashin ƙashi, wato wurin farfaɗo da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, inda nake aiki, a mako na 2. Ya zo da sanduna biyu, gwiwa ba ta lanƙwasuwa fiye da digiri 50, idan yana kwance kuma ba ya iya ɗaga ƙafar a miƙe ko da taƙi ɗaya. Buƙatarsa biyu ce, ya kuma faɗe su tun ranar farko: ya koma kan keken ɗinkinsa, ya daina salla a kujera. Tamu buƙatar ita ce mu san ko tsokar gaban cinya, wadda ke miƙe gwiwa, tana dawowa ko kuwa ci gaba da zubewa take yi. Tsokar nan kashi huɗu ce. Akwai ta sama da ke bin tsakiyar cinya, wadda likitoci ke kira rektus femoris, akwai wadda ke ƙarƙashinta manne da ƙashi, sai biyu a gefen waje da gefen ciki. Tana daga cikin tsokokin da suka fi saurin ramewa idan mutum ya kwanta ko gwiwa ta kumbura.

Mako na 2 zuwa na 5: tef

Da tef muka fara, irin wanda ke rataye a wuyan majinyacin kansa idan yana shago. Aka auna kaurin cinya santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa. Ta dama ta ba da santimita 46, ta hagu 47. Wanda ya karanta takardar bai ga mutumin ba zai ce ai kusan babu abin da ya same shi, alhali ƙafa ɗaya na tafiya ɗaya ba ta ko ɗaguwa. A mako na 5 aka sake. A lokacin ya fara ɗaga ƙafar, yana matse tsokar ana ganin ƙoƙon gwiwa na motsi, amma tef ya ce ta dama ta koma 43.5.

Bayanin ba mai wuya ba ne. Tef yana zagaye komai ne gaba ɗaya: fata, kitse, kumburi, ƙashi, tsokar gaba da ta baya. A mako na 2 kumburin aiki ne ya cike gurbin naman da ya zube, a mako na 5 kumburin ya sace, ramar da ke ɓoye ta fito fili. Wannan ba sabon sani ba ne. Tun 1980 Archie Young da abokan aikinsa a Ingila suka nuna da na'urar sikanin cewa awon tef na raina ramar da tsokar gaban cinya ta yi. Hoton manyan na'urorin duba cikin jiki, MRI ko CT, zai raba tsoka da kitse tsaf, amma babu wanda zai ce wa telan da ya yi wata biyu bai taka keke ba ya riƙa biyan kuɗin MRI duk bayan mako biyu, ga ƙarfen da ke cikin ƙashin yana ɓata hoton abin da ke kewaye da shi, CT kuma na da tururin da ba a son a yi ta maimaitawa babu dalili.

Mako na 6: an aro na'urar awon ciki

Abin da ke kusa da hannu shi ne na'urar sikanin ta ɗakin awon masu juna biyu, wadda ke zama babu aiki bayan azahar. Yadda take aiki kamar amsa-kuwwa ne. Kan na'urar da ake ɗorawa a fata yana aika sauti mai siririn amon da kunne ba ya ji, sautin ya daki iyakar da ke tsakanin nama iri biyu ya dawo, na'ura ta lissafa zurfin daga lokacin da ya ɗauka, bisa ɗaukar cewa sauti na gudun mita 1,540 a daƙiƙa a cikin jiki. A allo tsoka lafiyayya baƙa-baƙa take fitowa da ɗigo-ɗigon fari, tantanin da ya lulluɓe ta ya fito farin layi, ƙashi kuma farin baka mai inuwa a ƙarƙashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana feɗe cinyar rago zai gane shimfiɗar nan da an nuna masa.

Mutanenmu sun san na'urar da duba ciki, kuma ta nan ta yi suna tun bayan aikin Ian Donald na birnin Glasgow a 1958. Amma auna tsoka da ita ma ya daɗe. A 1968 Ikai da Fukunaga a Japan sun auna faɗin tsokar dantse da ita suka gwama da ƙarfin mutum. A farkon shekarun 1980 Heckmatt da Dubowitz a Landan suka nuna cewa tsokar yaran da ke da cutar lalacewar tsoka fari take fitowa a hoto. A 2013 kuma Puthucheary da abokan aikinsa suka bi majinyata 63 a ɗakin kulawa ta musamman a Landan, suka ga faɗin rektus femoris ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana goma. Saboda haka ba mu ɗauko na'urar da shakka a rai ba. Wataƙila ma rashin shakkar ne ya ja mana abin da ya biyo baya.

Babban jami'in sashen, wanda zan kira mai awo na farko, shi ya yi awon. Ya yi amfani da kai mai lanƙwasa, na duba ciki, domin shi ne a jone. Ya ɗora a tsakiyar cinya bisa kimantawar ido, ya auna daga tantanin saman tsoka zuwa ƙashi, wato tsoka ta sama da ta ƙasa a haɗe. Dama milimita 27, hagu 41. Aka rubuta a fayil. Majinyacin ya daɗe yana kallon allon, ya ce ashe namiji ma ana yi masa sikanin.

Mako na 8 zuwa na 11: hawa da sauka

A mako na 8 mai awo na farko yana aiki a ɗakin majinyatan da aka kwantar, sai wata abokiyar aiki, mai awo ta biyu, ta yi. Ta samu milimita 31. Ƙarin milimita 4 a mako biyu. Aka yi murna, aka gaya wa majinyacin, shi ma ya gaya wa iyalinsa. Da a ce mun tsaya mun yi tunani, da mun tuna cewa tsokar babban mutum ba ta ƙara kashi 15 cikin 100 a kwana goma sha huɗu da ɗaga ƙafa a kan gado. Amma labari mai daɗi ba a cika tuhumarsa ba.

A mako na 10 mai awo na farko ya dawo, ya samu 24. A mako na 11 ni na yi, na samu 23. Yanzu fayil na cewa 27, 31, 24, 23, kuma duk wanda ya ja layi a kan waɗannan lambobi zai ga mutum ya hau ya faɗo ƙasa da inda ya fara.

Zato biyu aka yi. Na farko, ya daina motsa jikin da aka ba shi ya yi a gida. Aka tambaye shi, ba kuma da lafazi mai daɗi sosai ba. Yayansa da ke rako shi ya ce: "Likita, wallahi ni nake ƙirga masa, safe da yamma. Buhun yashin nan ma matarsa ce ta ɗinka." Zato na biyu ya fi nauyi: ko jijiyar da ke ba tsokar umarni ta samu rauni, a haɗarin ko a wurin ɗori ko a aiki. Tabbatar da wannan na buƙatar gwajin jijiya da babu shi a asibitinmu, sai an yi tafiya an kashe kuɗi. Har an fara rubuta takardar turawa. Abin da ya tsayar da biro shi ne jikin mutumin bai yarda da fayil ɗin ba. Ya ajiye sanda ɗaya, gwiwa ta kai digiri 100, yana ɗaga ƙafa da kilo biyu a idon sawu, idan an buga ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafar na harbawa, fatar gaban cinya kuma tana ji daidai da ta hagu. Mai raunin jijiya ba haka yake ba.

Mako na 12: mutum uku, ƙafa ɗaya, awa ɗaya

Aka roƙe shi ya ba mu awa ɗaya. Mu uku muka auna ƙafar dama bi da bi, kowa yadda ya saba, sauran biyun suna waje, kowa ya rubuta nasa a takarda ya ninke. Da aka buɗe: 23, 29, 26. Tsoka ba ta ƙiba ta rame da milimita 6 tsakanin azahar da la'asar. Majinyacin ya yi dariya ya ce: "Ranka ya daɗe, irin ta yaran shagona ce. Wannan ya ja tef ya matse, wancan ya saki, riga ɗaya ta fito awo biyu. Ni dai in na ɗauki awon mutum, ba na bari wani ya ƙarasa."

Sai muka koma muka kalli juna muna yi, muna sauya abu ɗaya a lokaci guda.

Dannawa ce ta fi komai. Mai awo na farko hannunsa na da nauyi, yana danna kan na'urar don hoto ya fito fes, kuma tsokar da ta rame laushi gare ta kamar soso. A wuri ɗaya, ba a gusa ba, muka ga lambar ta sauko daga 29 zuwa 24 da dannawa kawai. Mai awo ta biyu tana zuba jel da yawa tana ɗora kan a hankali, shi ya sa lambobinta kullum ke sama. Kai mai lanƙwasa yana ƙara dagula wannan, domin cibiyarsa ce ke fara nutsewa cikin nama kafin gefunansa su taɓa fata.

Sai wuri. "Tsakiyar cinya" ta kowa daban ce. Ni daga makwancin cinya nake kimantawa, ita daga ƙashin ƙugu, shi kuma yana bin tabon wata tsohuwar ƙujewa. Tsakanin wurin da ya fi sama da wanda ya fi ƙasa akwai kusan santimita 5, tsokar nan kuwa sirancewa take yi tana gangarowa gwiwa. Karkata kan na'urar ma na da nasa: idan bai tsaya cak a kan ƙashi ba, sauti na yanka tsokar a karkace, kamar yanka gurasa a gicciye, sai ta fito da kauri fiye da nata.

Kwanciya da lokaci su ma sun shiga. Wani na sa matashi ƙarƙashin gwiwa, wani ba ya sawa. Ƙafar da ta karye tana son faɗawa waje idan mutum ya saki jiki, sai tsokar ta zame daga kan ƙashi. Da muka duba rajista kuma muka ga awon mako na 8, mai 31 ɗin nan, an yi shi ne bayan ya gama motsa jikinsa na ranar, lokacin da jini ya cika tsokar, sauran kuwa kafin ya fara. Ko tashi daga tsaye zuwa kwance na sauya rabon ruwa a ƙafa, kamar yadda Berg da abokan aikinsa a Suwidin suka nuna a 1993, shi ya sa masu bincike ke barin mutum ya ɗan kwanta kafin su auna.

Duk waɗannan na bayyana hawa da sauka, amma ba su bayyana abin da ya sa mai awo na farko, da hannunsa ɗaya da wurinsa ɗaya, ya samu 27 a mako na 6 sannan 24 a mako na 10 ba. Amsar tana cikin ambulan ɗin hoton ƙashi. Karayar a tsakiyar cinya take, daidai inda yake aunawa. Ƙashi idan yana haɗewa yakan tara sabon ƙashi kewaye da karayar kamar kulli a jikin rake, kuma hoton mako na 10 ya nuna kullin ya girma sosai a kan na mako na 6. Mu kuwa "zuwa ƙashi" muke aunawa. Ƙasan awon ne ke tasowa sama yana ture tsokar ƙasa, muna rubuta cewa nama na zubewa. Alamar warkewa muka karanta a matsayin alamar lalacewa, har muka kusa tura mutum wani gari a kanta.

Akwai ƙaramin abu na ƙarshe. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka kunna na'urar, komawa take yi kan saitin duba ciki, mai zurfin da ya wuce santimita 15. A wannan zurfin tsokar 'yar siririya ce a saman allo, kuskuren ɗora alamar awo da ɗan kaɗan sai ya zama milimita ɗaya ko biyu.

Mako na 13: ƙa'ida a takarda ɗaya, da gwada ta

Aka rubuta ƙa'ida aka manna a jikin na'urar. Za a yi amfani da miƙaƙƙen kai, wanda aka tarar a cikin aljihun teburin na'urar ba a taɓa jona shi ba sai don duba wuya da nono. Yana aiki da sauti mai megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar sauti) 7 zuwa 12, ba ya nisa kamar mai lanƙwasa mai 2 zuwa 5, amma ya fi fito da abin da ke kusa da fata. Zurfi santimita 5, a duba shi kafin kowane awo. Majinyaci ya zo kafin motsa jiki, ya kwanta rigingine minti goma sha biyar, gwiwa a miƙe, buhun yashi a gefen ƙafa don yatsu su kalli sama. A auna da tef daga tsinin ƙashin ƙugu na gaba zuwa saman ƙoƙon gwiwa, a sa alama a kashi biyu cikin uku na nisan, wurin da ya sauka ƙasa da kullin karayar. A zuba jel har a riƙa ganin layinsa tsakanin kai da fata a allo, shaidar cewa ba a danna ba. A auna rektus femoris ita kaɗai, daga tantaninta na sama zuwa na ƙasa, a bar ƙashi. Hoto uku, ana ɗaga kan gaba ɗaya tsakaninsu, a ɗauki matsakaici. Kada mai awo ya duba lambar baya sai ya rubuta tasa.

Alamar ta ba da ɗan wahala. Tawadar maka ba ta wuce wanka biyu. Matar majinyacin ce ta kawo shawarar ɗigon lalle, wanda ke kai mako biyu, shi kuma ya ce ya yarda tunda wando na rufewa. Daga baya muka ƙara da farar leda da aka ɗora a cinyar aka zana tabon aiki da ƙoƙon gwiwa da wurin awon, aka ajiye a fayil.

Ba mu koma kan majinyacin kai tsaye ba. Mutum 12 daga ma'aikata da ɗalibai suka ba da cinyoyinsu, mai awo na farko da ta biyu suka auna kowa, aka sake bayan kwana biyu. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya lissafa ma'aunin jituwa da ake kira ICC, wanda ke tafiya daga sifili zuwa ɗaya, ya samu sama da 0.9, ya zo yana murna domin a littafi wannan "madalla" ne. Sai dai ma'aunin na da tarko. Yana faɗa ne ko awo na iya bambanta mutum da mutum, kuma a cikin 12 ɗin nan akwai ɗan ƙwallo akwai dattijuwar da ke share ɗaki. Ko da hannu mai rawa za a gane cinyar wannan ta fi ta waccan. Tambayarmu daban ce: mutum ɗaya, yau da wata mai zuwa. Irin wannan jan hankali ne Bland da Altman suka yi a mujallar Lancet a 1986, cewa a dubi girman saɓanin kansa, a lissafa shi da ma'aunin da ake aiki da shi.

Saboda haka muka fitar da kuskuren awo a milimita. Idan mutum ɗaya ne ya maimaita, 0.5. Idan hannu ya sauya, 0.9. Ana ninka wannan da 2.77 a samu mafi ƙanƙantar sauyin da za a yarda ba kuskure ba ne, da tabbacin kashi 95 cikin 100. Ya zama milimita 1.4 ga hannu ɗaya, 2.5 ga hannu biyu. Aka rubuta lambobin biyu a ƙasan ƙa'idar, aka kuma ɗora awon telan a wuyan mai awo ta biyu ita kaɗai.

Mako na 14 zuwa na 30

Aka ja layi a ƙarƙashin tsofaffin lambobi aka fara sabon shafi, domin abin da ake aunawa ma ya sauya. A gefe guda aka fara auna ƙarfin miƙe gwiwa da sikelin rataye da aka ɗaure a ƙafar gado, yana zaune gwiwa a lanƙwashe, bayan likitan ƙashi ya ba da izini.

Mako na 14: dama milimita 13.1, hagu 20.4, wato kashi 64 cikin 100. Ƙarfi kilo 9 da kilo 34. Mako na 18: kauri 13.9, ƙarfi kilo 15. Ƙarin 0.8 bai kai 1.4 ba, aka rubuta "babu sauyin da aka tabbatar", aka kuma gaya masa haka. Bai ji daɗi ba, amma kilo 6 da ya ƙaru ya gani da idonsa a sikeli. Ƙarfi ya riga nama dawowa, kuma haka aka san abin tun aikin Moritani da deVries na 1979: a makonnin farko jijiyoyi ne ke koyon tayar da tsokar da ke akwai, girma na biyo baya. Aka ƙara masa nauyi, aka shigo da tashi daga kujera da hawa matakala.

Mako na 22: 15.2, ƙarin 2.1 a kan na mako na 14. Wannan ne karo na farko da aka rubuta cewa tsokar ta girma. Ƙarfi kilo 20, ya ajiye sanda, ya koma shago rabin yini. A mako na 26 mai awo ta biyu tana hutu, na farko ya yi, ya samu 16.9. Ƙarin 1.7 ne, amma hannu ya sauya, iyakar ta zama 2.5, sai aka sa masa alamar tambaya ba a gina komai a kansa ba. Mako na 30, ta dawo: dama 17.0, hagu 20.9, kashi 81 cikin 100. Ƙarfi kilo 27 da 35. Gwiwa digiri 135. Yana ruku'u da sujada a ƙasa, zaman tahiya ne kawai yake ɗan karkacewa. Aka sallame shi da sharaɗin ya dawo bayan wata uku.

Abubuwa uku an gwada an bari a wannan tsakanin. Faɗin tsokar gaba ɗaya, wanda ake zagayewa da layi a allo, ya yiwu a ƙafar dama, amma a ta hagu tsokar ta fi bakin miƙaƙƙen kan faɗi, gefunanta na fita daga hoto. Kusurwar da zaren tsoka ke kwanciya da ita, masu awo biyu sun kasa jituwa a kanta. Hasken tsoka a hoto kuwa, wanda ke nuna shigar kitse da tabo, yana sauyawa da an taɓa maɓallin haske, kuma ma'aikatan awon ciki na taɓa shi kullum. Rukunin masana na Turai da ake kira SARCUS, da suka fitar da shawarwarin daidaita wannan awo a 2018, sun lissafa duka waɗannan tare da kauri da tsawon zaren tsoka. Mu kauri kaɗai muka iya tsayawa a kansa da na'urar aro.

Hukunci

Na'urar ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Duk lambar da ta bayar daidai take da abin da ke ƙarƙashin kanta a wannan daƙiƙar: naman da aka danne, ko wanda aka yanka a karkace, ko wanda ƙashi ya taso ya ture. Rahotannin da ke cewa sikanin abin dogaro ne wajen auna tsoka gaskiya suka faɗa, sai dai mafi yawansu an yi su ne da horarrun hannaye da ƙa'ida a rubuce, sau da yawa a kan masu lafiya. Mu muka ɗauki sakamakonsu muka bar sharuɗɗansu. Laifin makonni shida na farkon amfani da na'urar namu ne, mafi muninsa kuma tuhumar da aka yi wa mutumin da ke yin abin da aka ce ya yi.

A ganina abin da ya fi aiki cikin duk gyare-gyaren shi ne awa ɗayan nan ta mako na 12 da lambobi biyun da suka fito daga gwajin mako na 13. Ƙa'ida ta rage kuskure, amma sanin girman abin da ya rage shi ne ya hana mu murnar 0.8 da 1.7 kamar yadda muka yi murnar 31. Lambobin kuma namu ne, na wannan na'ura da waɗannan hannaye biyu. Wani sashen sai ya fitar da nasa, kuma mai kumburi ko mai ƙiba sosai kuskurensa zai fi na ɗalibanmu.

Akwai inda nake ganin har yanzu da saura. Ƙafar hagu da muka riƙa gwadawa da ita ita ma ta yi makonni a kwance, don haka kashi 81 ɗin na iya fin gaskiya daɗi. Rektus femoris kuma ɗaya ce cikin huɗu, ba lallai sauran su bi sawunta ba. Idan aka tambaye ni wanne ya fi shiryar da magani tsakanin sikanin da sikelin rataye, zan ce sikelin, sikanin ya biyo baya a matsayin shaida ta biyu. Ledar da aka zana cinyarsa tana nan cikin fayil, kuma an rubuta sunan mai awo ta biyu a ranar da zai dawo.